Me Ya Kai Shanu Saman Dutse? Amsa Ga Mai Shirin Hawan Säntis

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a St. Gallen, ƙasar Suwizalan. Abokan karatuna sun ce in hutun bazara ya zo za mu hau dutsen Säntis da ƙafa. Ni kuwa tun da nake, Goron Dutse ne iyakar abin da na taɓa hawa. Na duba hotunan hanyar, sai na ga shanu ko'ina da ƙararrawa a wuya, wasu a wuraren da ko akuya na gani zan yi mamaki. Me ya kai shanu can? Ba sa cutar da mai wucewa? Kuma mutum irina zai iya, ko dai in haƙura in shiga motar igiya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. Abu uku ka tambaya: abin da ya kai shanu saman dutse, ko suna da haɗari, da ko ƙafarka za ta kai ka. Zan daɗe a kan na farkon, don shi ne fannina, kuma sauran biyun a wuyansa suka rataya. Aikina nazarin filayen kiwo ne, na yi shekaru ina bin makiyayan tsaunukan Alps ina duba ciyawa da ƙasa. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, hanyar da za ku bi ta cikin wurin aikin mutane ta ratsa. Korayen filayen da ka gani a hoto suna da masu su, suna da ƙa'ida, kuma ba don gatari da bakin saniya ba, da mafi yawansu kurmi ne.

Dutsen da za ku hau

Säntis yana da tsayin mita 2,502 sama da teku, shi ne babba a jerin duwatsun da ake kira Alpstein. In aka jera shi da na kudancin ƙasar masu haura mita 4,000, yaro ne. Amma ya ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda da mita 2,419 ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya. Kuma inda yake tsaye ya fi tsayinsa muhimmanci. A bakin arewa na Alps yake, don haka iskar da ta ɗebo ruwa daga yamma da arewa da shi take fara cin karo, a kansa take juye kayanta. Yana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a Suwizalan, kuma a watan Afrilun 1999 an auna dusar ƙanƙara mai zurfin fiye da mita 8 a samansa. Ruwan nan shi ne abin tsoron mai hawa, shi ne kuma arzikin mai shanu.

Ƙololuwar kanta, in gaya maka gaskiya, ba ita ta fi kwanta mini a rai ba. Tun 1882 akwai tashar auna yanayi a can, tun 1935 motar igiya ke kai mutane daga Schwägalp da ke gindin dutsen, ga gidajen abinci, ga hasumiyar sadarwa mai tsayin mita 123. Za ka iso kana haki ka tarar da mutanen da suka hau cikin minti goma da takalmin zuwa kasuwa. Ranar da sama ta washe ana hango ƙasashe shida, Suwizalan da Jamus da Ostiriya da Liechtenstein da Faransa da Italiya, wannan kam abin kallo ne. Sai dai can sama dutse ne tsura, saniya ba ta da abin yi a wurin. Rayuwar dutsen tana ƙasa da haka, daga wajen mita 1,100 zuwa kusan 2,000.

Lissafin hunturu ne

Manomin Appenzell, yankin da ke gindin Säntis, ba mai hatsi ba ne. Ƙasarsa hawa da gangara ce, ruwa ya yi yawa, sanyi yana daɗewa, don haka ciyawa ce amfanin gonarsa. Hunturu kuma yana kulle masa shanu a ɗaki kusan rabin shekara, ba abin da za su ci sai ingiricin da ya yanka ya busar da bazara. To ka ga inda gizo ke saƙa: in shanun suka zauna a kwari da bazara, za su cinye ciyawar da ya kamata a yanka a ajiye musu. Mafita ita ce a kora su sama, inda akwai ciyawar da ba ta yankuwa cikin sauƙi, a bar ta kwari ta girma a yanka ta sau biyu ko uku. Wurin kiwon bazara na sama shi suke kira Alp, za ka ga sunan a allunan hanya: Seealp, Meglisalp, Ebenalp.

Ba a hawa lokaci ɗaya. Dusar ƙanƙara daga ƙasa take fara narkewa tana ja sama, ciyawa na bin bayanta, shanu na bin ciyawa. A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni su hau matakin farko, in Yuli ta kama su ƙara gaba, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba su sauko. Kusan kwana ɗari ke nan, a wurare mafi tsayi ma bai kai haka ba. Madarar da ake tatsa safe da yamma kuwa, a zamanin da babu hanyar mota, ba ta isa kwari ba ta lalace ba. Sai ake mayar da ita cuku da man shanu a can saman, ruwan da ya rage daga cukun a ba aladu. Asalin cukun da Suwizalan ta yi suna da shi ke nan, dabarar adana madarar bazara ce don a ci da hunturu.

Wanda ya tashi a Arewa ba baƙon wannan tunani ba ne. Fulaninmu ma ciyawa da ruwa suke bi, da damina su ja arewa su kauce wa gonaki, da rani su gangara fadama ko kudu. Tafiyar namu a kwance take, ɗaruruwan kilomita. Ta waɗancan a tsaye, sau da yawa tafiyar safiya ɗaya. Amma bambancin da ya fi girma a wurina wani ne: a Appenzell mai shanun shi ne mai gonar da ake kauce wa. Mutum ɗaya ne, ko gida ɗaya, ko ƙauye ɗaya. Ɓarnar da saniya za ta yi a kwari, aljihun mai ita za ta taɓa.

In ka samu dama ka ga ranar hawa, ka je ka gani, ko da asuba ce. Jerin yana da tsari, ba a saɓa shi. Yaro ƙarami ne a gaba da fararen awaki, yarinya na kora su daga baya. Sai babban makiyayi cikin wando ruwan ɗorawa da jar falmaran, ya rataya bokitin katako na tatsa a kafaɗar hagu. Bayansa shanu uku ne ɗauke da manyan ƙararrawa waɗanda aka daidaita sautinsu ya dace da juna, sai maza huɗu suna rera waƙa marar kalmomi, a hankali, suna bin sautin ƙararrawar. Sannan garken, sannan mai dukiyar cikin tufafi ruwan ƙasa da karensa, da kuma keken doki ɗauke da kayan katako na yin cuku. A watan Disambar 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan zaman bazara na tsaunukan Suwizalan cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Abin da kiwo ya yi wa dutsen

Wannan shi ne abin da nake so ka buɗe ido ka gani, don yawancin masu hawa suna wucewa ta kansa ba su lura ba.

A wannan yanki, in an bar ƙasa da halinta, itatuwa suna iya tsira har wajen mita 1,800. Meglisalp kuwa yana mita 1,517, amma fili ne fetal. Mutane ne suka sare kurmin tun ɗaruruwan shekaru, don su samu wurin kiwo, da katakon gini, da itacen dafa madara, shanu da awaki kuma suka hana shi dawowa ta hanyar cinye duk ɗan tsiron da ya leƙo. A wurare da yawa na Alps iyakar kurmi ta sauko da mita ɗari ko ɗari biyu, wani wurin ma fiye, saboda wannan.

Ka dubi gangaren da ke fuskantarka da hantsi, lokacin da rana ke bugunsa a karkace. Za ka ga layuka a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kamar kunyoyin gona. Ba garma ta yi su ba. Saniya ba ta son hawa a miƙe, a gicciye take tafiya tana kiwo, ta taka inda ta bayanta za ta taka, shekara da shekaru, har ƙasar ta zama matakala. Ka dubi tarin duwatsu a tsakiyar fili da katangun da aka jera babu siminti: duk bazara sai an tsince abin da ƙanƙara ta gangaro da shi, in ba haka ba a rasa ciyawar wurin. Sannan in ka kusa bukkokin makiyaya, ka lura yadda ciyawa ke canzawa. Furanni ƙanana su ɓace, sai wani tsiro mai faffaɗan ganye ya rufe ko'ina, har gwiwa, tare da wani mai ƙaiƙayi in ya taɓa fata. Nan ne shanu ke kwana, taki ya yi wa ƙasar yawa, kuma su kansu shanun ba sa cin wannan ganye. Na sha tsayawa a inda bukka ta rushe tun tuni, ba ko dutse ɗaya a tsaye, amma ganyen nan yana nan yana nuna inda turken yake.

A aikinmu mukan shimfiɗa firam na murabba'in mita ɗaya a ƙasa mu ƙirga nau'in tsiron da ke ciki. Abin da muke samu kusan kullum ɗaya ne. Kusa da turke nau'in kaɗan ne. A inda aka daina kiwo ma, bayan 'yan shekaru, kaɗan ne, don dogayen ciyayi da ƙananan itatuwa sun danne sauran. A tsakiya, inda ake kiwo daidai gwargwado ba a zuba taki, nan za ka ƙirga nau'i talatin ko fiye a ɗan wannan wuri, ga malam-buɗe-littafi, ga ƙudan zuma. Ma'ana, yawan dabbobi yana kashe fili, rashinsu ma yana kashe shi.

Kuma matsalar Alps a yau ta biyun ce ta fi yawa. Aikin yana da wuya, ribar kaɗan, matasa sun koma birni. Filayen da suka yi nisa ko suka yi tsayi ana barinsu, wani ɗan itace mai yaɗo ya mamaye su, kuma in ya kama wuri fitar da shi sai an sha wahala. Har ƙanƙara ma abin ya shafa: doguwar ciyawar da ba a ci ba tana kwantawa ta yi santsi, dusar ƙanƙara ta zame a kanta ta yi ƙasa gaba ɗaya, gajeriyar da aka cinye kuwa tana riƙe ta. Ban ce dawowar kurmi sharri ce a ko'ina ba. Akwai gangaren da kurmi ne ya fi dacewa da shi, shi ke kare ƙauyen da ke ƙasa. Amma filin da aka yi shekara ɗari biyar ana gyarawa yana iya ɓacewa cikin shekara talatin, wannan kuwa yana damuna.

Ƙa'idar da ta riƙe abin

Kiwon nan bai daɗe haka don mutanen sun fi wasu kirki ba, ya daɗe ne don sun yi wa kansu doka mai cizo. Misalin da ya fi shahara ba a Alpstein yake ba, yana kudu, a wani ƙauye mai suna Törbel a yankin Valais. A 1483 mutanen ƙauyen suka rubuta yarjejeniyar yadda za su yi amfani da filin kiwo da kurmi da suke tarayya a kai. A 1517 suka kafa doka cewa babu wanda zai kai shanu sama fiye da adadin da zai iya ciyarwa da hunturu. Ka duba hikimar: ba a buƙatar ɗan sanda ya hau dutse, kowa ya san girman gonar maƙwabcinsa da yawan ingiricinsa. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta kafa hujja da wannan ƙauye cewa dukiyar tarayya ba dole ta lalace ba, in masu amfani da ita ne suka tsara dokar, suka kuma iya hukunta wanda ya karya.

Yau gwamnatin tarayya ta shigo ciki. Filayen kiwon bazara sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noma ta Suwizalan, kuma kowanne an ƙayyade masa abin da zai ɗauka, da ma'aunin babbar saniya ɗaya na kwana 100. Ana biyan manomi tallafi a kan wannan ma'auni. In ya zarce a yanke masa, in ya gaza sosai ma kuɗin ya ragu. Ni da na san yadda burtali da mashaya suka shige cikin gonaki a wurare da yawa na gida, nakan tsaya a irin waɗannan filaye zuciyata ta yi nauyi. Ba na cewa a kwafo tsarinsu a manna mana. Yawan jama'a ba ɗaya ba, ruwan sama ba ɗaya ba, kuɗin tallafin ma ba mu da irinsa. Amma iyaka sananniya da adadi sananne, waɗannan ba sai mai arziki ba.

Shanu da mai wucewa

Dokar ƙasar, sashe na 699 na kundin dokokin farar hula, ta ba kowa izinin shiga kurmi da filin kiwo. Izini ne na wucewa, don haka ka bi hanya, kada ka tattake ciyawar da ake jira a yanka. Duk ƙyauren da ka buɗe ka rufe shi. Siririyar wayar da za ka ga ta kewaye fili tana ɗauke da lantarki. Inda ta tare hanya akwai mariƙin roba, shi za ka kama ka cire, ka wuce, ka mayar. Kada ka yar da gwangwani ko leda, saniya na haɗiye su, kuma sukan kashe ta.

Shanun kala uku ne a wurin mai tafiya. Na tatsa sun saba da hannu safe da yamma, yawanci ko kallonka ba za su yi ba, kuma su ne suka fi yawa a hanyar Meglisalp. Karsana da 'yan bijimai suna da son sani, sukan biyo mutum a guje su kewaye shi. Ka ci gaba da tafiyarka a natse, in sun matso ka ɗaga murya kaɗan. Waɗanda ake tsoro su ne iyaye masu tafiya da maruƙansu. Saniya mai nauyin kilo 600 ko 700 in ta ga kamar za a taɓa ɗanta ba ta shawara, kuma garken duka yakan taya ta.

Kada ka ce ai ka saba da shanu tun a gida. Namu kullum akwai makiyayi da sandarsa a gefe, shi ke tsawata musu. Waɗannan su kaɗai suke wuni a cikin shinge, mai su yana can nesa yana wani aiki. Saboda haka ka ba su tazara, mita ashirin ko fiye in wuri ya ba da dama. Kada ka ratsa tsakanin uwa da ɗa, kada ka taɓa maraƙi ko da yana kwance shi kaɗai a bakin hanya, uwarsa na ganinka. In saniya ta sunkuyar da kai, tana huci, tana tonon ƙasa da ƙafa, ka ja da baya a hankali kana fuskantarta, ba gudu, ba ihu.

Yawancin munanan haɗurran da kare a ciki, don saniya kallon kerkeci take yi masa. A watan Yulin 2014, a kwarin Pinnis na yankin Tirol a Ostiriya, shanu sun kashe wata Bajamushiya da ke tafe da karenta, igiyar karen tana ɗaure a ƙugunta ta kasa sakinsa. A 2019 kotun farko ta ɗora wa manomin diyya mai nauyi, abin da ya girgiza makiyayan ƙasar har wasu suka yi barazanar rufe hanyoyi. Kotun ɗaukaka ƙara ta raba laifin biyu, ƙasar kuma ta gyara dokarta ta fitar da ƙa'idoji goma ga masu yawo. In wani cikin abokanka zai zo da kare, ya riƙe igiyar a hannu, gajeriya, in shanu suka taso ya sake shi nan take. Karen ya fi shi gudu.

A wasu duwatsun za ka haɗu da manyan fararen karnuka masu gadin tumaki, waɗanda aka dawo da su bayan kerkeci ya koma ƙasar a tsakiyar shekarun 1990. In ɗaya ya taso yana haushi, ka tsaya cak, ka bari ya gama bincikensa, sannan ka kewaye garken daga nesa.

Za ka iya?

Ban ga tafiyarka ba, ban san numfashinka ba, kuma ni ba jagoran hawan dutse ba ne, don haka hukuncin ƙarshe ba nawa ba ne. Amma matashi mai lafiya wanda ya shirya yana iyawa, da sharaɗin kada Säntis ya zama dutsensa na farko. Ka fara gwada kanka a Kronberg, wani ƙaramin dutse a yankin: daga Jakobsbad hawan wajen mita 800 ne a hanya mai sauƙi. In ka kai sama da sauran ƙarfi, washegari kuma gwiwa ba ta hana ka sauka daga bene ba, to ka ƙara ɗaya mai ɗan wuya, inda za ka gane ko kallon rami yana juya maka kai. Wannan ba a saninsa sai an tsaya a bakin gaɓa.

Launin alamar hanya yana gaya maka abin da ke gaba. Ruwan ɗorawa hanyar kowa ce. Fari-ja-fari hanyar dutse ce, tana buƙatar takalmi mai kama ƙasa da ƙafa tabbatacciya, kuma hanyoyin Säntis da za ku bi irinta ne. Fari-shuɗi-fari ba taka ba ce tukuna. Lokacin da aka rubuta a allo babu hutu a ciki, kai ka ƙara kashi ɗaya cikin uku.

Mafi yawan mutane daga Schwägalp suke tashi ta Tierwis, awa uku da rabi zuwa huɗu, hawa a miƙe, a ƙarshe ga matakalar dutse mai igiyar ƙarfe. Gajeriya ce, amma kiwon kaɗan za ka gani. Ni shawarata ku raba tafiyar kwana biyu. Ku shiga jirgin ƙasa zuwa Wasserauen, mita 868. Tafiyar kamar awa ɗaya za ta kai ku tafkin Seealpsee, daga nan hanya ta hau jikin dutse, da igiyar riƙewa a wuraren da suka matse, har Meglisalp. Ku kwana a masaukin wurin, amma ku kama gado tun da wuri, don da bazara cika yake yi. Meglisalp ƙaramin ƙauyen makiyaya ne a cikin kwano tsakanin duwatsu, bukkoki masu katangar dutse da ɗan cocinsu. Ku isa kafin tatsar yamma. In kun yi sa'a, da almuru za ku ji makiyayi ya tsaya a tudu ya sa mazurarin madara na katako a baki yana kiran addu'ar dare, yana roƙon tsari ga mutane da dabbobi har iyakar inda muryarsa ta kai. Tsohuwar al'adar Katolikan yankin ce, ana saurarenta a tsit.

Washegari ku tashi da sassafe ta Wagenlücke, hawan kusan mita 1,000, awa uku zuwa huɗu. A nan za ka ga ciyawa tana ƙarewa a ƙarƙashin ƙafarka, sai farin dutse mai ramuka da tsagogi, kuma sau da yawa akwai filin ƙanƙarar da ba ta narke ba kafin ƙololuwa. Ku tambayi masu masauki halin da take ciki a daren. Akwai wata hanyar ta Rotsteinpass da Lisengrat, kyakkyawa ƙwarai, amma siririn doro ne da rami hagu da dama. Ka bar ta sai wani zuwan. Lokaci mafi dacewa daga tsakiyar Yuli ne zuwa tsakiyar Agusta, ƙanƙara ta ragu, shanu ba su sauka ba. Kuma kada kyan hotuna ya sa ka raina yankin: a bazarar 2022 mutane da dama sun faɗo sun mutu a hanyoyin da ke kewayen Äscher, wuri mai cike da 'yan yawon buɗe ido.

Yanayi, jiki da abinci

Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, wato saman ya fi Wasserauen sanyi da wajen digiri 10, ban da iska. Ƙanƙara na iya zuba a kowane wata. Ka ɗauki rigar ruwa, rigar sanyi, hula da safar hannu, ko da ka tashi rana na ƙwallewa. Hadarin bazara da rana tsaka zuwa la'asar yake haɗuwa, kuma aradu tana faɗa wa hasumiyar Säntis kusan sau ɗari a shekara. Ka duba manhajar MeteoSwiss da dare da kuma asuba; in an ce akwai tsawa, ku fasa. Hazo ma in ya rufe, farin dutsen nan duk kama ɗaya yake yi, kada ka bar alama ɗaya sai ka hango ta gaba. Lambar jirgin ceto na Rega 1414 ce, ta gaggawa ta gama-gari 112.

Akwai wani abu da abokanka Turawa ba za su tuna su gaya maka ba. In kana da sikila, ko kana ɗauke da rabinta a jini, ka ga likita kafin ka tafi. Iskar can sama ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in ta haɗu da gajiya da ƙishirwa tana iya tayar da ciwo, har ga wanda bai taɓa jin komai ba. In ba ka san rukunin jininka ba, ka gwada.

Ruwa ka ɗauki lita biyu. Dutsen irin mai shanye ruwa ne, sama da Meglisalp da wuya ka ga rafi, kuma duk ruwan da ya gangaro ta filin kiwo kada ka sha. In za ka yi alwala a kwamin shanu, ka tari ruwan daga bakin bututu, kada sabulu ya shiga ciki. Alƙibla tana kudu maso gabas; ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe nesa da gaɓa da kuma hanyar shanu. A masauki, tsiran nama da busasshen naman da ake barbaɗawa a abinci yawanci na alade ne. Ka nemi taliyar makiyaya mai dankali da cuku da albasa, ka ce "ohne Speck", wato ban da naman alade. Kofin da ake kira Kafi fertig ko Kafi Luz akwai barasa a ciki. Shi kuwa cuku, da sinadarin cikin maraƙi ake daskarar da shi, hukuncinsa ka tambayi malamin da ka natsu da shi. A ƙofar wasu bukkoki za ka ga firiji da cuku da madara da akwatin kuɗi, babu mai tsaro. Ka tafi da canji. Madarar ɗanya ce, a tafasa kafin a sha.

Saukowa kuma, a nan motar igiyar da ka ambata za ta yi maka rana. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan aka fi zamewa, don ƙafa ta gaji hankali ya koma gida. Ku hau da ƙafa, ku sauka da mota zuwa Schwägalp, daga can bas zai kai ku Urnäsch ku kama jirgi. Sai dai ku tabbatar tun kafin ku bar St. Gallen cewa tana aiki a ranar, don akan tsayar da ita saboda iska ko gyara, ku kuma san lokacin ta ƙarshe. In kuka rasa ta, akwai masauki a saman, ku kwana; kada ku ce za ku sauko cikin duhu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.